Me Ya Sa Wata Ƙabila Take Gaban Wata a Boko da Dukiya?

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Gangare cikin garin Jos, kwanan nan na gama bautar ƙasa. Mun yi musu da wani abokina a majalisa. Shi ya ce idan ka ga wata ƙabila ta fi wata karatu da kuɗi to halitta ce, wasu an yi su da ƙwazo, wasu da lalaci. Har ya kawo misali da baƙaƙen fatar Amurka da kuma mu Hausawa. Ban yarda ba, amma na rasa hujja. Mene ne ainihin dalilin wannan bambanci?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa ka gama a sa'a, ya kawo aiki mai albarka. Na daɗe ina koyar da ilimin tattalin arziki a garin nan, kuma da wuya shekara ta wuce wannan musun naku bai taso a aji ba. Abokinka ya ga abu na gaske, domin tazarar tana nan, babu mai musu. Wurin fassara ta ne ya kauce hanya.

Kafin komai ka raba abu biyu da mutane ke haɗawa, kuɗin shiga da dukiya. Kuɗin shiga shi ne abin da ka girbe bana. Dukiya kuwa abin da ke cikin rumbu ne, wanda wataƙila kakanka ya fara zubawa. A ce ku biyu kuka sami aiki a ofis ɗaya a Abuja, kowa albashinsa naira 200,000. Shi mahaifinsa yana da gida a Kubwa, yana zaune kyauta. Kai kana biyan haya a Mararaba, kana tura kuɗin makarantar ƙanne huɗu, ga maganin tsohuwa. A takardar albashi ku ɗaya ne. Bayan shekara 10 shi ya sayi fili, kai kana bin adashi don biyan bashi. 'Ya'yansa za su fara daga filin nan, naka kuma daga inda ka fara. Babu wanda ya fi wani ƙwazo a labarin nan. Shi ya sa kusan duk ƙasar da aka auna, tazarar dukiya tsakanin ƙabilu ta fi tazarar albashi faɗi nesa ba kusa ba.

Tunda abokinka ya tsallaka Amurka, mu bi shi can. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna cewa iyalin farar fata mai matsakaicin hali yana da dukiyar da ta kai kimanin dala 285,000, na baƙar fata kuwa kimanin dala 45,000. Ninki shida ke nan, alhali a kuɗin shiga ratar ba ta kai ninki biyu ba. Daga ina? An haramta bauta a 1865 bayan mutane sun yi fiye da shekara 200 suna noma auduga da taba ba lada. An yi wa waɗanda aka 'yanta alkawarin eka 40, Shugaba Andrew Johnson ya soke, aka mayar wa tsofaffin iyayengiji gonakinsu. A daidai wannan zamani gwamnati tana raba eka 160 kyauta ga masu zuwa yammacin ƙasar a ƙarƙashin dokar 1862, kuma kusan duk fararen fata ne suka amfana. Daga shekarun 1930 gwamnati ta shiga tsaya wa talakawa su sami rancen sayen gida, amma aka zana jan layi a taswira aka kewaye unguwannin baƙaƙe, aka ce masu haɗari ne, kada a ba da rance a can. Sai a 1968 doka ta hana wariya a harkar gidaje. Wanda aka hana wa rance a 1955, jikansa ne yau yake neman aiki. Kuma da yake a can harajin gidaje ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati, unguwar da gidajenta ba su da daraja makarantarta ma ba ta da kuɗi.

Ga abin da za ka tambayi abokinka. 'Yan Nijeriya da suka yi ƙaura zuwa Amurka suna cikin rukunonin da suka fi yawan masu digiri a ƙasar, sun ma fi fararen fata idan aka yi lissafin kaso. Fatarsu ɗaya da ta waɗanda yake kira malalata, kakanni ma daga gaɓar teku ɗaya. Idan a jini abin yake, yaya aka yi haka? Amsar ita ce waɗanda suka sami bizar tafiya yawancinsu 'ya'yan masu ilimi ne tun daga gida, sun sauka da takardunsu a jaka.

Afirka ta Kudu ba ta buƙatar dogon bayani. Dokar filaye ta 1913 ta ware wa baƙaƙe, waɗanda su ne mafi rinjaye, kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, a 1936 aka ƙara zuwa wajen kashi 13. A 1953 aka yi musu dokar ilimi ta musamman da nufin su tsaya a matsayin lebura. Zaɓen 1994 ya ba su ƙuri'a, bai mayar musu da gonaki ba.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ta fi zafi kuma ta fi ɗaurewa.

'Yan mishan sun sauka Badagry a 1842. A 1859 an riga an buɗe makarantar sakandare ta CMS a Legas, lokacin ko Turawa ba su yi mafarkin cin Sakkwato ba, don sai a 1903 suka ci ta. Da suka ci, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Wannan ya tsare abin da ya tsare, ni ma ban ce kuskure ne ba. Matsalar ita ce a wancan zamani makarantar boko kusan duk a hannun mishan take, kuma gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi niyyar kashe kuɗinta ta cike gurbin ba. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano sai 1909, Kwalejin Katsina sai farkon shekarun 1920, kuma 'yan kaɗan ake ɗauka, galibi 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e. Lauyan farko ɗan Nijeriya, Sapara Williams, ya zama lauya a Ingila a 1879. Lauyan farko daga Jihar Arewa, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, sai 1955. Shekara 76 tsakani, wato kaka da ɗa da jika. A shekarar 1955 ɗin kuma Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma. Zuwa 1957 ɗaliban sakandare a Kudu sun haura 28,000, na Arewa ba su kai 4,000 ba, alhali Arewa ta fi yawan jama'a. Firamare kyauta ta ƙasa baki ɗaya sai 1976.

Kada ka ɗauka Arewa jahilci aka tarar a cikinta. Turawan da kansu sun ƙirga makarantun allo fiye da 20,000, ana shari'a a rubuce, ana aika wasiƙu da Larabci da ajami. Abin da ya faru shi ne sabuwar hukuma ta canza irin ilimin da ake biya. Malamin da ya haddace Muhtasar, babban littafin fiƙihu, ya wayi gari takardarsa ba ta sayen kujerar akawu, yaron da ya gama aji shida a makarantar mishan ita ce tasa. Kamar a canza kuɗi ne kana riƙe da tsofaffi cike da buhu.

Ilimi kuma gado ne kamar gida. Yaron da uwarsa ta iya karatu yana shiga aji ɗaya ya riga ya san baƙaƙe, akwai mai duba masa aikin gida, akwai kawun da ya san yadda ake cike fom ɗin JAMB da wane kwas ke da aiki. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma masu ra'ayin abokinka suna jin karin maganar a matsayin jini. Ni a aji ina cewa ɗan barewa ya ga ana gudu ne tun ranar da aka haife shi. Sannan akwai abin da ba a cika kawowa a majalisa ba, wato abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Kudu maso Gabas kashi 18. Ƙwaƙwalwa tana ginuwa ne a shekarun farko. Yaron da yunwa ta taɓa tun yana goye, idan ya kasa lissafi a aji huɗu sai a ce daƙiƙi ne, daga nan a ce ai ƙabilarsu haka suke.

Sakamakon duk wannan yana cikin alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022: mutum miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, Sakkwato kashi 91 cikin 100, Ondo kashi 27. Sai dai ka lura, waɗannan alƙaluman jihohi ne. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, don haka duk wanda ya ce maka ga adadin kuɗin da Bahaushe ko Bayarabe ke samu, ka tambaye shi inda ya samo.

Jos ita ce ajin da na fi son koyarwa da shi, domin a nan ka'idar abokinka take rushewa gaba ɗaya. A garin nan kowane ɓangare yana gaba a wani abu, yana baya a wani, kuma kowanne yana ganin shi aka zalunta.

Kuza ce ta kafa garin a farkon ƙarnin da ya wuce. Kamfanonin Turawa suka zo, aka jawo layin dogo daga Zariya, lebura suka kwararo daga Kano da Bauchi da Barno da sauran wurare. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har aikin dole aka sa, aka ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa, da yawa sanyin Filato da cuta suka kashe su. Su wa suka ci ribar? Masu hannun jari a Landan. Baturen ma'aikaci yana Rayfield, akawu da makaniki galibi mutanen Kudu ne da suka riga suka yi boko, Bahaushe yana haƙa ko yana sayar wa masu haƙa abinci da tufafi. Birom kuwa gonakinsu aka farfasa. Kududdufan da kake gani a hanyar Bukuru da Barikin Ladi, da can abincin wasu iyalai ne ke fitowa a wurin. Kuma mu faɗi gaskiya ko da ɗaci, tun kafin Bature mutanen duwatsun nan sun sha hare-haren neman bayi daga masarautun da ke kewaye da su, sun kuma sha raini da sunayen da har yau wasunmu ba su daina faɗa ba.

To amma da yake ƙasarsu ba ta sarakunan Musulmi ba ce, an bar mishan sun shiga. Aka yi asibiti a Vom, aka yi makarantu a Gindiri, aka samu malamai da nas-nas da akawuna. Da aka ƙirƙiro Jihar Filato a 1976, akwai 'ya'yan Birom da Angas da Tarok da Mwaghavul masu takardun da za su hau kujerun sakatariya. Bahaushen Jos kuma ya riƙe abin da ya iya, wato kasuwa, mota, fata, nama, gwari a Farin Gada, katako, kayan gyara a Dilimi. Don haka idan ka shiga ma'aikata sai ka ce Bahaushe ne a baya, idan ka shiga kasuwa sai ka ce Birom ne a baya. Wanne ne malalacin a cikinsu? Kowa ya shiga ƙofar da ya tarar a buɗe ne, ya kuma riƙe wa ɗansa ita.

Sai takardar shaidar zama ɗan asalin wuri ta zo ta sa wa ƙofofin kwaɗo. Tsarin mulki na 1999 a sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko wurin asali, amma shi ɗin dai ya yi maganar ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, ya kuma bar ƙananan hukumomi suna yanke wa za a ba takarda. Da takardar ake shiga aikin gwamnati, da soja, da ɗan sanda, da ita ake samun tallafin karatu da sassaucin kuɗin makaranta. Tun da aka ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991 rigimar wane ne mai gari ba ta kwanta ba. Kai ka fi ni sanin samarin da kakanninsu a Gangare aka binne su, amma sai sun tafi wani ƙauye a Kano ko Bauchi da ba su taɓa kwana a cikinsa ba kafin su sami takarda. Kafin ka yi fushi, ka tuna Inyamurin da aka haifa a Sabon Garin Kano da Birom ɗin da aka haifa a Zariya, su ma abin da ake yi musu ke nan. Cutar ta ƙasa ce baki ɗaya.

Rikici kuma yana cin rumbu a dare ɗaya. Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010, ga gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002. Mutane daga kowane ɓangare sun sayar da gidajen da suka gina shekara 20 a kan rabin kuɗinsu don su koma inda 'yan uwansu suke. Asarar da ta fi wannan ba a ganinta da ido. Lokacin da nake yaro, ajinmu akwai kowa, kuma aikina na farko wani abokin karatu da ba addininmu ɗaya ba ne ya gaya mini ana ɗauka. Yau yaro yana iya tashi a Unguwar Rogo har ya gama sakandare bai yi aboki ko ɗaya daga Tudun Wada ba. Aiki kuwa, a nan da ko'ina, yawancinsa ta bakin wanda ka sani ake jin labarinsa. Abin da muke kira hanya ke nan. Idan duk waɗanda ka sani 'yan acaba ne da masu shago, hanyarka acaba da shago za ta kai ka.

Wariya ta kai tsaye ma ba ta mutu ba, kuma an auna ta. Wasu masana biyu, Bertrand da Mullainathan, sun aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, suka raba musu sunayen fararen fata da na baƙaƙe ta hanyar ƙuri'a. A sakamakon da suka buga a 2004, masu sunayen fararen fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100. Wanda ya taɓa neman hayar gida a Abuja dillali ya tambaye shi "kai ɗan ina ne?" kafin ya faɗi kuɗi, ya san yadda abin yake.

Za a kawo maka misalin Inyamurai, don haka ka shirya. Bayan yaƙin basasa a 1970, wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki a lokacin yaƙi fam 20 aka ba shi komai yawan kuɗinsa. Bayan shekara biyu aka yi dokar sayar wa 'yan ƙasa hannun jarin kamfanonin Turawa, masu kuɗi a hannu suka saya, su kuwa aljihu wayam. Duk da haka suka farfaɗo. Abokinka zai ce ka gani, jini ne. Abin da ya manta shi ne yaƙi ya ƙone gidaje da ajiya, bai goge karatun da ke kawunansu ba. Sannan suna da tsarin da ke raba jari, yaro ya yi wa ubangida hidima shekara shida ko bakwai, a sallame shi da kuɗin buɗe nasa shagon, shi ma ya ɗauko wani. Wannan tsari ne, ana iya koyonsa. Mu ma muna da yaran shago, sai dai sau da yawa yaro yana tsufa a shagon maigida, sallamarsa ita ce a yi masa aure.

Wannan ya kawo ni kan namu laifin, domin laifi tudu ne. Bature ya tafi tun 1960. Gwamnonin Arewa sun karɓi kason jihohinsu shekara da shekaru, wasu ma sun bar kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya yana kwance a Abuja saboda sun ƙi kawo nasu rabin. Uban da ya cire 'yarsa daga aji biyar ya ɗora mata tallar gyaɗa, da wanda ya tura ɗan shekara shida wani gari da ƙoƙon bara ba guzuri, suna rage wa jikokinsu arziki ne da hannunsu. Al'ada tana da tasiri, ban taɓa cewa ba ta da shi ba. Abin da nake ƙarawa shi ne uban nan yana lissafi. Yana ganin ɗan maƙwabci ya yi shekara shida a firamare bai iya karanta sunansa ba, yana ganin mai digiri yana tuƙa Keke. Inda makaranta take koyarwa da gaske kuma takarda take kawo aiki, iyaye suna canzawa cikin tsara ɗaya. Dubi yadda makarantun Islamiyya masu haɗa boko suka cika unguwanninmu, iyaye suna biya daga aljihunsu, 'yan mata ma sun fi yawa a wasu azuzuwan.

Akwai kuma maganar takardar fili. Tun dokar filaye ta 1978, banki ba ya karɓar gida jingina sai da takardar mallaka mai sa hannun gwamna. Gidaje nawa ne a tsohon garin Jos suke da ita? Galibi takardar ciniki ce da shaidar mai unguwa. Idan maigida ya rasu ya bar magada 15, ko a sayar a raba kowa ya sami abin da bai isa jari ba, ko a zauna a ciki ana rigima. Ƙara da cewa 'yan kasuwarmu da yawa sun guji banki saboda riba, kuma bankin da ba ya ta'ammali da ita, Jaiz, sai 2012 ya fara aiki. Dukiya tana nan, amma ba ta haihuwa.

Kada kuma kalmar ƙabila ta rufe maka ido. Mutumin da ya fi kowa kuɗi a Afirka, Aliko Ɗangote, Bakano ne, kuma tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, wanda shi ma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Tsakanin mai gida a Maitama da almajirin da ke wanke masa mota, harshe ɗaya ne, alƙibla ɗaya, amma ratar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin matsakaicin Bahaushe da matsakaicin Bayarabe ninkin ba ninki.

Shi ya sa nake da ra'ayi biyu game da tsarin kaso. An sa raba daidai a tsarin mulki tun 1979, aka kafa masa hukuma a 1996, jami'o'in tarayya kuma suna ware kashi 20 cikin 100 na gurabe ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 45 ga cancanta zalla. Ba don shi ba da ma'aikatun tarayya sun zama na yanki ɗaya, kuma ƙasar ba za ta ɗauki hakan ba. Amma ka tsaya a ƙofar jami'a ka ga wa ke cin gurbin jihar da aka bari a baya. Sau da yawa ɗan babban sakatare ne da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, ya je ƙauyen kakansa ya karɓo takarda. Yaron da aka yi tsarin dominsa ya bar makaranta tun a aji huɗu, a ajin da yara fiye da 100 ke zaune a ƙasa gaban malami ɗaya, kuma sunansa bai taɓa shiga rajistar JAMB ba balle a ba shi kaso.